Shafi Naira Hamsin

A bakin kotu nake da rumfa:
inji ɗaya, benci ɗaya, da janareto mai tarin fuka.
Shekara goma sha ɗaya ina kwafar kundin tsarin mulki,
shafi naira hamsin,
ban taɓa karanta shi ba
sai ranar da aka ɗauke wuta, mai kuma ya ƙare,
yaron wani lauya ya bar min nasu ya tafi cin abinci.

Na buɗe. Da "Mu" ya fara magana.
Mu, mutanen ƙasa, mun zauna, mun yarda.
Na duba hagu, na duba dama.
Ga Ilu mai gyaran takalmi, bakinsa cike da ƙusa,
ga mai lemo tana korar ƙuda.
Na ce, Ilu, da kai aka zauna?
Ya tofar da ƙusa ya ce, a ina, kuma nawa aka raba?

Ubana ya ba masaƙar Kakuri ƙuruciyarsa da kunnensa na dama.
A Tudun Wada aka yanke min cibi,
a nan na yi kaciya, a nan na binne shi.
Amma da na je neman takardar asali
sai akawu ya ɗaga gilashi ya ce,
"Kakanka fa, daga ina?"
Ya tura ni wani gari da ban san hanyar tasharsa ba.

To mece ce ƙasa?
Taswirar da ke jikin bangon aji, wadda gara ta cinye gabashinta?
Tutar da ke kan motar da ta watsa min ruwan kwata?

Ina cikin wannan sai ga Kuyet da takardun makarantar ɗanta.
Katanga ɗaya ta raba mu muna yara,
kafin shekarar da gari ya tsage,
kowa ya kwashi tabarmarsa ya bi nasa,
su suka haye gada zuwa Sabon Tasha,
mu muka tsaya, kogi ya zama iyaka.

Uwarta da tawa suna adashi ɗaya.
Mata goma sha biyu, ba takarda, ba sa hannu, ba hatimi.
Uwar Kuyet ta riga ta yi kwasarta
wata biyu kafin a ƙone layinsu.
Wa zai bi ta bashi? Wa ma ya san inda ta kwana?
Amma kowace Juma'a
sai ga kwandastan bas ɗin Kawo
da ƙullin leda, an ɗaure da zare:
zubin Maman Kuyet.
Mako bakwai kuɗin nan yana haye gada
lokacin da mutum ba ya iya hayewa,
har ta ƙarshe a layi ta ɗauka.
Ta ƙarshen ita ce uwata.
Da kuɗin aka sayi injin nan na farko.

Ban faɗa wa Kuyet ba. Ta sani.
Muka yi zancen tsadar shinkafa da ciwon gwiwar uwarta.

Ni ba lauya ba ne.
Sashe kaza, ƙaramin sashe kaza, na bar wa masu baƙar riga.
Abin da na sani,
wanda ya riga ya kwasa, ya ci gaba da zubi.
In ya daina, ko da ruwan zinariya aka rubuta littafin,
takarda ce, mai ƙosai ma za ta karɓa.

Can wajen la'asar wuta ta dawo.
Na ɗora shafin farko a kan gilashi.
Tawada ta yi ƙasa,
"Mu" ɗin ya fito dishi-dishi, kamar an rubuta da toka.
Na ciro kwalin tawadar, na girgiza,
na buga shi a gwiwa sau biyu,
na mayar,
na sake dannawa.