Ba Haka Ta Ce Ba

A Marwa, can wajen Domayo,
inda yanzu ake jibge buhunan albasa,
silimar Hamajoda ce a da:
katanga huɗu, babu rufi,
taurari na leƙe ba su biya ko sisi ba.

Ni ne mai fassara.
Sefa ɗari biyu a dare, lasifika a hannu,
Faransancina na ɗan aji huɗu,
Italiyanci kuwa, ko sannu ban sani ba.

Sai ga wani tsohon fim, baƙi da fari,
gwangwani uku, daga Garwa, a bayan motar auduga.
Ɗaki ɗaya tun farko har ƙarshe, ƙofa uku,
wannan na shiga, wancan na zillewa.
Tela mai gashin baki ya laɓe bayan labule,
bazawara mai gidan haya na binsa kuɗin wata shida,
hannuwansu sun fi bakinsu surutu.
Rubutun ƙasa kuwa ya zame daga bango
ya sauka kan hulunan 'yan bencin gaba.

Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki.
Na sa tela ya rantse da rawanin kakansa,
na sa bazawara ta kira shi ragon maza,
dariya har yashin Kaliyawo.

Dare na uku, daga layin baya,
wata murya, ba ta ko ɗaga sosai ba:
"Ba haka ta ce ba."

Astajam ce,
shekara bakwai tana girki a mishan, wajen 'yan Italiya.
"Cewa ta yi maɓallin rigarsa na lilo,
ya kawo ta ɗaura masa.
Tela fa! Kai ka mai da shi zagi."
Ta ce a dandali aka fara yin wasan, gaban mutane,
shi ya sa ba mai fita waje:
ƙofofin nan uku su ne iyakar duniyarsu.

Washegari ta zauna gefena.
Tana raɗa, ina ɗagawa.
Gyalenta na ƙamshin tumatir da wani ganye
da har yau ban iya faɗin sunansa ba.
Dariya ta ragu.
Masu gyaɗa suka daina kiran ciniki.
Hamajoda ya ce gaskiya ba ta sai da tikiti,
amma shi ma bai tashi ba.

Ana cikin gwangwani na uku,
tela ya buɗe baki zai faɗi abin da ke ransa,
fim ya kama, ya narke,
farin rami ya cinye fuskarsa.
Sali mai inji ya yi salati.
Aka yo kaina da fito da ɓawon rake:
"Mai fassara, ƙarasa mana!"

Ni da ban taɓa rasa ta cewa ba.
Na dube ta.
Ita kuma rigata take duba.
"Maɓallinka," ta ce.

Shekara talatin da huɗu ke nan.
Jiya ina ba jikokinmu wannan labari a tsakar gida,
tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗago ba:
"Dare na biyar ne.
Kuma motar shanu ce.
Kuma kai ka fara magana,
ba a dai gane abin da ka ce ba."