Dubu Biyar Iri Biyu

A ajin ƙididdiga, can Kandy,
Malam Ekanayake ya ja layi a allo,
ya ɗora kaucewa a sama, matsakaici a ƙasa.
Ya ce, "Ku raba.
Kada ku gaya mini nisan lilon abu
sai kun faɗi girman abin da ke lilon."

Ina kwafa, sai ga tudun Hatton a idona,
ganyen shayi jiƙe da raɓa,
mahaifiyata Kalaiselvi goye da kwando
wanda igiyarsa ta yi mata kanta a ka
shekara ashirin da shida.

Manaja na ɗaukar rupi dubu ɗari.
Wani watan ya hau da dubu biyar,
wani watan ya sauka da dubu biyar.
Biyar cikin ɗari.
Ko mai dafa masa abinci bai lura ba.

Mama kuwa dubu ashirin,
in sikeli ya faɗi gaskiya,
in matsattsaku ya ƙyale ƙafarta.
Nata ma da dubu biyar ɗin yake lilo.
Rubu'i ke nan cur.
A rubu'in nan kananzir yake,
da busasshen kifin ranar Lahadi,
da takalmin makarantar ƙanena Mathan
wanda babban yatsa ya riga ya leƙo.

Akawun gona ya taɓa ce mata,
"Ruwan da ya dake ki, shi ya daki manaja."
Ta sauke kwando, ta murza wuya.
Ta ce, "Cokalin gishiri a tukunyar biki, ɗanɗano ne.
Zuba shi a kofin shayinka mu gani."
Ba ta taɓa riƙe alli ba.

Wani daga baya ya ɗaga hannu:
"In matsakaicin ya kusa sifiri fa?"
Malam ya ce, "To, awon ya haukace,
ya yi sama ba linzami. A nan ajiye shi ake."
Na tuna watan da tudu ya zabtaro ya toshe hanya,
kwana huɗu kacal ta yi aiki.
Mu ba mu sami inda za mu ajiye watan ba.

Ranar jarrabawa tambayar ta fito.
Na rubuta ashirin da biyar cikin ɗari,
aka ba ni maki cikakke.
Da dare na buga waya gida.
Ta ce yau kilo goma sha shida,
jiya sha tara,
ta tambaye ni ko na ci abinci.