Inci Ɗaya

Tanko kan yi niyya da hantsi,
kafin azahar yana Zariya yana shan fura.
Ni kuwa tafiyar Satumba
tun Mayu nake yanka ta,
a hankali, kamar yadin da ya ƙare a kasuwa.

Tela ne ni a Kasuwar Barci.
An ce alkawarinmu ɗiban ruwa ne da kwando,
ban musa ba, na sha ɓuya ranar jajibere.
Sai dai kekena biyu ne,
na ɗinki da na zama,
kuma na zaman ne ya koya mini duba kalanda.

Hansai ce ta jawo zancen.
Ta ga Matsirga a littafin aji huɗu,
ruwa na zubowa daga kan dutse fari fat,
ta ce, "Baba, wai da gaske ba ya ƙarewa?"
Na ce sai mun je mun tambaye shi.

Masauki bakwai na kira a Kafanchan.
Shida suka ce, "Ba matsala, Alhaji, taho kawai."
Na san wannan kalma.
Ita ta taɓa kwanar da ni a baranda
ina ƙirga matakala goma sha ɗaya,
sauro na yi mini sannu da zuwa.

A na bakwai wata Kyauta ta ɗaga waya.
Ta yi shiru, sannan ta ce,
"Faɗa mini abin da zan duba."
Na ɗora tef a kan kekena, taya zuwa taya,
inci ashirin da bakwai.
Na ce auna mini ƙofar ɗaki,
auna ta banɗaki,
duba ko akwai dokin ƙofa,
ko gadon ya fi gwiwarki tsawo.

Ba ta da tef.
Sai da ta jira ɗanta ya taso makaranta
ta ari rularsa.
Da magariba ta kira: ƙofar ɗaki ta isa,
ta banɗaki ashirin da shida.

Inci ɗaya.
Abin da nake nannaɗewa a bakin wando
ko kallonsa ba na yi.

Ta ce akwai Bulus kafinta,
amma yana kan bencinan coci, sai ya gama,
a ba shi mako shida.
Ɗakin ƙasa kuma guda ɗaya ne tak,
'yan biki sun kama shi duk Agusta.
Na ce rubuta ni mako na biyu na Satumba,
rubuta da biro, kada ki sa fensir.

Sai mota.
Ilu na tashar Talabijin ya yarda zai cire kujerar baya,
na biya kuɗin mutum uku,
ni da Hansai da kujerar da ba za ta je ba.
Na ba shi kafin alƙalami,
duk Juma'a ina tuna masa,
har ya fara gaishe ni da "Satumba, ina gajiya?"

Tanko na dariya:
"Kwana biyu kacal, kana shiri kamar mai zuwa Makka!"
Ban ce masa komai ba.
Wanda ƙafa ke kai wa ko'ina
bai san ƙofa tana da faɗi ba.

Jiya ruwa ya kwana yana dukan kwanon shago.
Da safe hoto ya shigo wayata:
ƙofa, sabon katako a gefenta bai sha fenti ba,
da hannun yaro riƙe da rula.

An ce daga inda mota ke tsayawa
akwai gangara, kekena ba zai sauka ba.
Na sani.
Hansai za ta sauka, ni in tsaya a sama,
an ce in iska ta juyo
feshin yakan iso har can.

Na ɗauki allin da nake zana wuyan riga
na ƙara ja ɗaya a bango.
Saura arba'in da ɗaya.
Kayan mutane kuwa, wallahi, gobe.