Rabin Santimita

Ƙarfe biyu na rana, Samaru ta yi tsit.
Fanka ta ƙi juyi tun hantsi.
Daga ni sai ƙwayar alfa a ɗakin gwaji,
ita ma ba ganinta nake ba,
ƙas-ƙas ɗin na'ura ne ke cewa ta iso.

Jadawali ya ce santimita huɗu za ta ci a iska
sannan ta zube.
Na ja ma'auni baya zuwa huɗu: tana isowa.
Huɗu da kwata: tana isowa.
Sai a huɗu da rabi aka yi shiru
kamar an yi ruwa an ɗauke.

Rabin santimita.
Ƙwayar dawa guda ta fi shi cika ido,
amma kwana uku ya hana ni runtsawa.
Na tuhumi rula, na tuhumi idona,
na tuhumi wutar da ke zuwa tana komawa,
na sake lissafin har biro ya huda takarda.

Na san tafiyarta, ai na karanta.
Kamar mai faifan gyaɗa ce ta ratsa taron yara:
tana gudu, hannu ɗaya-ɗaya ke kai wa faifan,
ta fara sassautawa, hannuwa sun yi yawa,
dab da tsayawa kuwa, wawa ake yi,
abin da ta tsira da shi tun farko
a taki biyun ƙarshe yake ƙarewa.
To wa ya ɗaga wa tawa ƙafa?
Ina yaran suka tafi?

Baba Tanimu ya shigo neman sukundireba.
Shekara talatin yana gyaran kayan ɗakin nan,
sunansa bai taɓa hawa bangon kundi ba.
Ya leƙa takardata ta saman tabarau.
"Lantana, wace iska ce wannan?"
Na ce, "Baba, iska ai iska ce."
Ya yi dariya har da tari.

"Ta jadawalinki ta bakin teku ce, 'yar nan,
mai sanyi, mai nauyi, a cushe.
Ke kuwa kina bisa tudun Zazzau,
ga Afrilu ya buɗe wuta.
Kasuwar tamu ba ta cika haka ba."
Ya ƙwanƙwasa gilashin ma'aunin matsi da farce,
allurar ta girgiza, ta koma inda take,
ƙasa da inda na ɗauka ba tare da na duba ba.

Na zuba zafin, na zuba matsin.
Lissafi ya miƙe, ya tako,
ya tsaya a huɗu da ɗigo huɗu.
Saura milimita ɗaya.

Wallahi hannuna ya kai ga abin gogewa.
Wa zai sani? Huɗun nan da biyar
'yan ɗaki ɗaya ne.

Baba bai ɗago ba, yana ɗaure wata waya.
"A wasu asibitocin duniya," in ji shi,
"'yan uwanta ake aikawa cikin jikin mutum
su je su zube a kan ciwo daidai.
Can milimita ɗaya tana da suna,
wataƙila jijiyar ido, wataƙila laka.
Bar shi yadda ya zo."

Na bar shi.
Ko tawa ce, ko ta na'ura, ko ta masu jadawalin,
ban sani ba, haka na rubuta.
Kaso biyu cikin ɗari, da ɗoriya kaɗan,
na ja layi a ƙarƙashinsa.

La'asar sakaliya na fito.
Hadari na haɗuwa ta bayan Kufena,
iska ta sauya, ta yi sanyi, ta yi nauyi a fuska.
A cikin motar Kwangila, jaka bisa cinya,
na kama kaina ina tunanin
gobe a ina za ta tsaya.