Takardar Zama a Garin Kakana

Hoto takwas suka ce, a farin bango,
kunnuwa a waje, ban da murmushi.
Mai hoton Ƙofar Ƙaura ya ce in cire rawani.
Na cire. Na fito kamar wanda ake cigiya.

A ofishin shige da fice akwai benci mai ƙafa uku,
bulo ne ke tsaye a madadin ta huɗun.
Na san shi yanzu fiye da katifata.
Litinin sabis ya ɗauke.
Laraba oga ya tafi ta'aziyya Mani.
Alhamis aka ce rasit ɗin banki ya tsufa,
sai na sake wani.
Na ce to. Na iya cewa to da harshe uku.

Fom ya tambaye ni: ƙasar asali?
Na ɗaga biro, na daɗe ban sauke ba.
Kakana Isiyaku Maijaki ya fita ta Ƙofar Durɓi
da sanda da gora, zai je Makka ya dawo.
Guzuri ya ƙare, gonar auduga ta riƙe shi,
ya rasu a Wad Madani yana jera unguwanni,
Albaba, Gambarawa, Masanawa, Rafindadi,
kamar mai jan carbi.
Can Takari ake ce mana.
Nan kuwa layin bai kai tsawon yatsa ba,
sai na rubuta Sudan, na miƙa.

Na tambayi jami'in, sule nawa ne hatimi?
Lurwanu sunansa. Ya ajiye fayil, ya dube ni:
"Malam, ina ka tono wannan Hausar?
Rabona da ita tun kakata na da haƙora."
Ya yi dariya har ya share ido,
amma bai buga hatimin ba.

Makaranta ba ta jira kati ba.
Ɗalibai sittin da bakwai, taga biyu, alli rabi.
Da Larabci na koyi lissafi,
da Turanci aka ɗauke ni in koyar,
in sun ƙi ganewa sai in aro bakin kakana.
Ranar farko hannuna ya nufi daman allo.
Zuwaira ta ɗaga yatsa daga layin baya:
"Malam, ta can ake farowa."
Har yau in na gaji, hannun can yake komawa.

Ɗakina a Sabuwar Unguwa, ciki ɗaya da baranda.
Inna Tabawa mai gidan kan aiko da tuwon dawa
kullum bayan isha'i, ba ta karɓar godiya.
Na gwada yin kisira a kaskonta na masa,
ta ƙone ƙurmus. Inna ta leƙo ta ce,
"Wannan baƙin abin kuke kewa?"

Ihlas tana Kasala da yara biyu.
Tata takardar sai tawa ta fito.
Kowane dare tambayar ɗaya ce,
ina jin ƙaramin yana tari a bayan muryarta.

Wata Juma'a na shiga Gambarawa ina tambaya.
Wani tsoho ya yi shiru, ya ce ya taɓa jin sunan,
akwai rijiya da tsamiya a ƙofar gidan, in bai manta ba.
Ya nuna min da haɓa.
Shagon cajin waya ne yanzu.
Na biya ɗari, na jona tawa,
na zauna har ta cika, ko da ba ta mutu ba.

Wata biyar da kwana tara, katin ya fito.
Sun rubuta Attayyib da y ɗaya.
Lurwanu ya ce kada in tayar da maganar,
gyara sai an koma Abuja.
Baƙo ne, in ji katin, na shekara guda,
ana iya sabuntawa.
Na sa shi a aljihun gaba, kusa da alli.
Gobe akwai gwaji, ban ma rubuta tambayoyin ba.