Tarwaɗun Ramin Kuza

Ramin da kakana ya haƙa don kuza
a bayan Bukur, yau ruwa ne kwance,
kore shar, ba a sha, ba a wanka.
Can muka ɗebo jarka shida,
ni da Kangyang, ƙafafu duk laka.

Muka tace da gawayi da yashi,
muka cika baho uku a Naraguta,
'ya'yan tarwaɗa ɗari da ashirin,
ko wannensu bai kai ɗan yatsa ba.

Abincin kanti ya fi ƙarfin aljihu.
Sai muka bi Farin Gada da buhu
muna tsintar ruɓaɓɓen tumatir da ganyen kabeji.
Ƙuda ya yi ƙwai, tsutsa ta yi ƙiba,
kifi ya ci tsutsa ya miƙe gashin baki.
'Yan ajinmu na toshe hanci,
suka raɗa mana Sarakunan Juji.

Ruwan da kifi ya ɓata bai tafi kwata ba,
latas ya sha, ya ɗaga kunne.

Daren jajibirin gasa aka ɗauke wuta.
Injin iska ya yi tsit.
Sanyi ya gangaro daga duwatsu
ya shige mana ƙashi.
Ta ɗauki ƙwarya, na ɗauki moɗa,
muna ɗiba muna kwararowa daga sama
don ruwa ya samu numfashi,
har ladan ya kira, har ƙararrawar coci ta buga.

Bakwai suka juya ciki sama.
Ta rubuta bakwai, yatsunta na karkarwa.
Na ce, "Wa zai ƙirga?"
Ta ce, "Ni."

A zauren gasa wasu sun zo da na'ura
mai aika wa waya labarin ruwa.
Mu kuwa baho, da littafi mai tabon laka.
Dakta Nanbam ta gyara tabarau,
ta wuce zanen da muka sha wuya a kansa,
ta tsaya cak a shafin bakwai ɗin nan.
"Me ya kashe su?" Muka faɗa.
Ta daɗe tana rubutu.

Na uku muka zo.
Takardar yabo, da sikeli ɗaya mu biyu.

Ranar Asabar na kai wa kaka mafi girmansu.
Ya tsotse kan, ya suɗe yatsa,
ya dubi yamma inda ramin yake.
"Shekara ashirin yana cin ƙarfina," in ji shi,
"sai yau ya fara biyan bashi.
Akwai saura?"