Mai Gadi a Maraɗi

Kamfani ya ba ni kaki da usur
da tocila, batiri daga aljihuna.
Wata uku ina gadin sito a unguwar Zariya,
buhunan gyaɗa har rufi,
gidana a Bagalam ko tiyar gero babu.

Malam Tsahiru na ofis ya ce
kuɗi na tahowa daga Yamai.
Tun azumi suke hanya,
ko a Dogon Dutsi suka yi aure?

Asubar Laraba, ina sujada,
buhu biyu suka yi ƙafa.
Wannan lissafin bai kwana a hanya ba:
jikka arba'in,
cikin albashin da ban taɓa gani ba.

Hinda ta rataya wa ɗanmu usur ɗin.
Yana busa wa awakin maƙwabta.